Ilmin Ɗaukar Sauti: Darasin da Ya Kamata Ya Samu Gurbi a Makarantunmu

A yau babu wani taro da za a yi a ƙasar Tambuwal ko Kebbe wanda ba za a kafa masa lasifika ba. Da ɗaurin aure, da wa'azi, da saukar karatu, da taron siyasa, duk sai an nemo amfilifaya da makirfo da janareta. Haka nan kuma da wuya a sami ɗalibin babbar sakandare wanda bai taɓa ɗaukar muryar wani da wayar salula ba. To amma abin tambaya shi ne, mutum nawa ne daga cikin masu sarrafa waɗannan na'urori suka san dalilin da ke sa lasifika ta yi kuka a tsakiyar jawabi, ko dalilin da ke sa muryar da aka ɗauka ta fito a dagule? Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da makarantunmu na sakandare za su riƙa koyar da tushen ilmin ɗaukar sauti a aikace, a cikin darasin Fiziks, domin na'urorin sun riga sun iso mana, ilminsu ne kawai ya makara.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan ilmi ba baƙo ba ne a manhaja. Duk ɗalibin Fiziks da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya karanta cewa sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, kuma kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Sai dai galibi a kan allo karatun yake tsayawa. Alhali kuwa makaɗin kalangu, duk lokacin da ya matse tsarkiyar kalangunsa a hammata, fatar ta ƙara ɗamewa, muryar ta yi sama, wannan darasin ne yake yi a gaban jama'a. Haka mai goge idan ya gajarta tsirkiya da yatsa. Makirfo ma ba wani sihiri ba ne. Irin wanda aka fi gani a wajen taro yana da wata siririyar fata da ke karkarwa idan sauti ya buge ta, an liƙa mata naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu, motsin naɗin ne ke haifar da 'yar wutar lantarki mai kama da surar muryar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Lasifika kuwa makirfo ce da aka juya: wuta ke shiga, sauti ya fito. Ashe ke nan malamin da ya kwance tsohuwar lasifika a gaban aji ya koyar da babi biyu a sa'a guda.

Dalili na biyu ya shafi tarihinmu. Tun daga 1877 da Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita ta a Amurka, aka wuce zuwa faifan garmaho, sannan kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, da faifan CD a 1982, kowace al'umma ta sami damar ajiye muryoyin magabatanta. Mu ma mun ci moriyar wannan. Ba don gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rima Rediyo a Sakkwato, da masu yawo da rikoda ba, da yaran yau ba su san muryar Ibrahim Narambaɗa ba, ko ta Salihu Jankiɗi, ko Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, ko Mamman Shata wanda ya rasu a 1999. Haka nan tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, har yanzu ana sauraronsa ne saboda an ɗauka an adana. Har wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zo Zariya da Maraɗi a tsakanin 1963 da 1964 ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa, aka buga su a faifai a Turai.

To, waɗannan manya ne da suka yi sa'ar zama kusa da fada ko gidan rediyo. Ina makaɗan noma na ƙauyukan Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi? Ina waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda injin niƙa ya kusa shafewa? Ina dattawan da ke iya jero tarihin garin Tambuwal tun daga zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu? Duk tsohon da ya kwanta dama ba a ɗauki muryarsa ba, abin da ke kansa ya tafi ke nan. Kaset ɗin da ke jibge cikin akwatuna a gidajenmu ma ba dawwama zai yi ba, domin zafi da laima da ƙura suna cin zaren, na'urorin da ke kunna shi kuma kullum ƙara wuyar samu suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba mu horar da yaran da za su yi wannan aiki yanzu ba, babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya yi mana.

Dalili na uku lafiya ce. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana kusa da desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata sun nuna cewa sautin da ya kai desibel 85 bai kamata a zauna cikinsa fiye da sa'a 8 ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Idan aka bi lissafin, a desibel 100 minti 15 kacal ya rage. Wanda ya tsaya dab da manyan lasifikokin biki yana iya shan fiye da haka, kuma yara ƙanana su ne suka fi son tsayawa a wurin. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Yaron da ya san wannan lissafi, in ya zama mai kula da na'urar taro, ba zai murɗe ta har ƙarshe don burge jama'a ba.

To, mene ne za a koyar? A ganina abubuwa huɗu sun isa a fara da su. Na farko shi ne tazara. Duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar yakan ragu da kimanin desibel 6 a fili. Saboda haka wanda ya matso da makirfo daga santimita 80 zuwa 20 ya ƙara wa muryar kimanin desibel 12 a kan ƙarar janareta, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Na biyu shi ne awon shigar sauti. Kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta ɗauka, in aka wuce sai ta datse kan igiyar sautin, muryar ta fito a fashe, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa sosai daga baya. Na uku shi ne wurin kafa lasifika. Kukan nan mai tsaga kunne yana faruwa ne idan makirfo ya ji abin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ita kuma ta sake ƙara masa ƙarfi, abin ya yi ta zagaye. Maganinsa a sa lasifika gaba da mai magana, ta ba shi baya, sannan a rage murɗi.

Na huɗu shi ne ɗaki. Tun a wajajen 1900 Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya nuna cewa daɗewar amsa-kuwwa a ɗaki ta dogara ne ga girmansa da yawan abubuwan da ke shanye sauti a cikinsa. Ajin siminti mai tagogin ƙarfe da rufin kwano yana mayar da kowace kalma ta hau kan 'yar uwarta. Amma in aka shimfiɗa tabarmi, aka rataya barguna, aka jingina katifu a kusurwa, sai maganar ta fito tas. A nan ya kamata ɗalibi ya bambanta abu biyu: shanye amsa-kuwwa a cikin ɗaki daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Bargo yana yin na farko, amma na biyu sai bango mai nauyi da toshe kafofi. Kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa a bango ba ya tare ƙarar babur ko kaɗan. Abin sha'awa shi ne, tsohon soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, irin wanda muke rushewa muna cewa ya tsufa, ya fi ginin bulo da kwano dacewa da wannan aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu iyaye za su ce ana so a mayar musu da 'ya'ya maroƙa. Amsa ita ce, mai ɗaukar sauti ba makaɗi ba ne, kamar yadda mai buga littafi ba shi ne marubuci ba. Hannun da ke ɗaukar waƙa shi ke ɗaukar karatun Alƙur'ani, da labaran rediyo, da faɗakarwar asibiti, da darasin makaranta. Masallacin Juma'ar da sahun baya ba sa jin huɗuba saboda amsa-kuwwa, wannan yaron yake bukata. Wasu kuma za su ce makarantar da ba ta da kujeru ina ita ina situdiyo? Gaskiya ne, da a zamanin kaset ne da maganar ta yi nauyi. Amma yau wayar salula, da makirfo guda, da na'urar sauraro ta kunne, da kwamfuta ɗaya mai manhajar Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a shekarar 2000, sun isa a fara. Ƙaramin farantin hasken rana zai ɗauki nauyinsu, kuma ya fi janareta domin ba ya ƙara.

Akwai kuma masu cewa ai kwamfuta tana gyara komai. Wannan ita ce hujjar da ta fi rauni. Kwamfuta tana auna igiyar sauti ne ta mayar da ita lambobi, alal misali sau 44,100 a kowace daƙiƙa a ma'aunin faifan CD, wato ɗan fiye da ninki biyu na iyakar jin ɗan Adam. Abin da makirfo ya ba ta shi take aunawa, mai kyau ko maras kyau. Ko sababbin manhajojin da ke share hayaniya, idan ɗaukar ta lalace ƙwarai, cike gurbi suke yi da kintace, kuma kintace ba ya zama tarihi. Masana'antar finafinan Hausa ta Kano, wadda ta soma da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta samar wa ɗimbin matasa sana'a a ɗakunan ɗaukar sauti, kuma a can ma mai kunne da sanin ƙa'ida shi ake nema, ba mai tsadar kaya ba.

Saboda haka ina kira ga malaman Fiziks da na Hausa a makarantun Tambuwal da Kebbe su haɗa hannu su kafa ƙungiyar ɗaukar sauti a kowace makaranta. Malamin Fiziks ya koyar da ƙa'ida, malamin Hausa ya tsara tambayoyi. Kowane zangon karatu a ɗauki hira da dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya, bayan an nemi izninsu, a rubuta suna da gari da kwanan wata, a ajiye kwafi a wuri biyu, a miƙa na uku ga masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hukumomin ilmi na Jihar Sakkwato su taimaka da kayan farawa, gidajen rediyo kuma su buɗe ƙofa ga ɗalibai a lokacin hutu. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai an kawo muku situdiyo. Ku fara da kakanninku da ke cikin gida, ku shiga da su ɗaki mai tabarma, ku matso da wayar kusa, ku saurari abin da kuka ɗauka da kunnen basira, gobe ku gyara. Allah ya sa mu dace.