Wa za a tsayar ya kara da Onarabul?

Kwana biyun nan duk majalisar da ka zauna a mazaɓarmu ta tarayya, zancen ɗaya ne: Onarabul ya isa haka, zango uku ya yi a Abuja, a canja shi. Ni ma ra'ayina ke nan. Amma da ka tambayi mai maganar, to wa za a kawo, sai ya ce maka ai ko wa 'yan adawa suka tsayar zai ci, mutane sun gaji. A nan muke raba hanya da shi.

Ba zan kama sunan jam'iyya ko na ɗan takara ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni, kun san yadda abin yake. Amma ina da ƙuri'a, kuma hanyar garinmu da ake ta sakawa a kasafi ba a yi, ni ma ita nake bi.

Ɗan majalisa mai ci yana faɗuwa, wannan ba sabon abu ba ne. Marigayi Ghali Umar Na'Abba yana kan kujerar kakakin majalisar wakilai ya rasa mazaɓarsa ta Birnin Kano a 2003. Dimeji Bankole ma yana kakaki ya sha ƙasa a Abeokuta a 2011. Sai dai gajiyar mutane kaɗai ba ta kayar da kowa. Kujerar majalisar wakilai ba irin ta gwamna ba ce da ake neman kashi 25 a wurare daban-daban. Wanda ya fi ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ke tafiya. Idan masu son canji suka rabu gida uku, Onarabul zai koma ko da mutum huɗu cikin goma ne kawai suka zaɓe shi. Ya san da haka, kuma wallahi ya fi mu iya wannan lissafin.

Yanzu ku duba yadda aka riƙa fitar da ɗan takara a baya. A zaɓen fid da gwani na 2022, daliget uku ne daga kowace gunduma a PDP, biyar a APC. Ɗauki mazaɓa mai ƙananan hukumomi biyu, a ce gunduma 22. A jam'iyya mai daliget uku, mutum 66 ke nan. Wanda ya samu 34 ya gama. Idan masu neman tikitin sun kai huɗu, bai ma buƙatar 34. Mutum talatin da 'yan kai, a ɗakin taro ɗaya, wani lokacin bayan an kwana da su a otal an karɓe musu waya, su ne suka riƙa yanke wa dubban ɗaruruwan mutane sunan da za su gani ranar zaɓe. Su waye su? Wa ya zaɓe su? Mafi yawanmu masu dogon rubutu a Facebook ba mu taɓa leƙa taron jam'iyya na gunduma ba, ba mu ma san ranar da ake yi ba. Su kuwa masu abin, tun a can suke rubuta sunaye.

Wani zai ce ai sai a yi 'yar tinƙe, kowa ya fito ya bi layi. Ya fi, ban musa ba. Amma rajistar 'yan jam'iyya a hannun wa take? Wa ke ƙirga layi, wa ke rubuta sakamako? Shugabannin gunduma dai. Duk ta inda ka biyo, can za ka ɓulla.

Sai batun kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai naira miliyan 10 ne a APC, miliyan biyu da rabi a PDP. Fom kawai fa, ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan fasta da motoci ba. Tsohon shugaban makarantar da kowa ya yarda da amanarsa, tun daga nan ya fita. Aka rage shekarun takara daga 30 zuwa 25 a 2018, muka yi ta murna, amma ɗan shekara 25 nawa ne a garinmu zai iya ajiye wannan kuɗin ba tare da uban gida ba? Shi kuma uban gida ba sadaka yake yi ba.

Akwai abin da kowa ya sani a siyasar ƙaramar hukuma amma ba a faɗa a lasifika: mai ci yana da hannu a gidan adawa. Ya fi masa arha ya taimaka wa mafi rauni cikin masu neman tikitin ya ci fid da gwani, da ya tsaya ya fuskanci mai ƙarfi ranar zaɓe. Don haka in ka ga wanda ko akwatin ƙofar gidansu bai taɓa kawowa ba ya wayi gari yana rabon babura, ka tambayi daga ina.

Yanzu dattawan jam'iyya suna ta maganar maslaha. Ban ƙi maslaha ba, in ta gaskiya ce. Dokar zaɓe ta 2022 cewa ta yi sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. Abin da muka saba gani kuwa ɗauki-ɗora ne: a kira mutane Abuja da daddare, a ce ga wanda oga yake so. Waɗanda aka danne su dawo gida su yi shiru, ranar zaɓe su yi wa jam'iyya zagon ƙasa, ko su nufi kotu.

Kotun kuma ba wasa ba ce. A 2019 APC ta ci komai a Zamfara, Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi sahihin fid da gwani ba, ƙuri'unta sun tafi a banza. Gwamna, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, duk suka tashi. A Filato bayan zaɓen 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisun PDP saboda rikicin shugabancin jam'iyya a jihar. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Gwamna Mutfwang, ta nuna ba a yi daidai ba, amma shari'ar 'yan majalisa a Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba su da inda za su je. Talakawa sun yini a rana, shiriritar cikin gida ta cinye.

Ni abin da zan duba a jikin mai neman tikitin nan ba shi da yawa. Onarabul daga babbar ƙaramar hukumar ya fito, a can yake tara ƙuri'unsa. Na san 'yan'uwanmu na ɗaya ɓangaren suna cewa karɓa-karɓa, lokacinsu ne, kuma suna da gaskiya, an daɗe ana danne su. Amma wanda za a kawo daga can sai ya zama yana da mutane na gaske a gidan Onarabul, ba abokan hoto ba. In ba zai iya yago ko kashi ɗaya cikin uku a can ba, an yi wa Onarabul kyautar zango na huɗu. Sannan a tambaye shi, yana da wanda zai tsaya masa a kowace rumfar zaɓe, wanda ba za a saye shi da kuɗin abincin rana ba, wanda zai jira har a sa hannu a takardar sakamako? Takardun makarantarsa kuma a duba su tun yanzu. Kun tuna Bayelsa a 2020, saura kwana ɗaya a rantsar da David Lyon aka soke nasararsa saboda takardun mataimakinsa.

Mutum huɗu nake jin suna neman tikitin. Biyu daga ciki ban taɓa ganinsu a jana'iza ko ɗaurin aure a garin nan ba sai bana. Ku da kuke da katin jam'iyya, musamman matasan da ke turo min fasta kullum, ku faɗa min a ƙasa: wa ke shugabantar jam'iyyarku a gundumarku, kuma kuna wurin ranar da aka zaɓe shi?