MU ZAGA ƘASA: Badagiri, Garin Bakin Teku, da Lokacin da Ya Fi Dacewa a Ziyarce Shi

Yau filin namu zai gangara da mu kudu, har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma. Mutanenmu da yawa sun yi shekara da shekaru suna safara tsakanin Arewa da Ikko, wasu da shanu, wasu da albasa da tumatir, amma in ka tambaye su ko sun taɓa tsayawa a bakin teku sun dube ta da idonsu, sai ka tarar ƙalilan ne za su amsa. Alhali kuwa daga kasuwar Alaba Rago, inda 'yan'uwanmu suka yi shekaru jibge, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya take kai mutum wani ƙaramin gari wanda tarihinsa ya shafe mu ƙwarai da gaske. Sunan garin Badagiri, watau wanda ake rubutawa Badagry a allunan hanya.

Garin yana yamma da Ikko da kimanin kilomita 60, daga shi kuma zuwa Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 20 ne. Mai mota yakan tashi daga Mile 2, ya bi ta Ojo da Okokomaiko da Agbara. Mutanen garin yawancinsu Egun ne, su kuwa suna kiran kansu Ogu, akwai kuma Yarbawa Awori da sauran baƙi. Sarautar garin ana ce da ita Akran. Sana'arsu su da noman kwakwa da saƙar tabarmi da fatauci. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne, garin bai jingina da teku kai tsaye ba. Tsakaninsa da ita akwai wani dogon gulbi mai ruwan zartsi wanda ya miƙa gabas zuwa Ikko, yamma zuwa Porto-Novo. A ƙetaren gulbin sai wani siririn tudun rairayi cike da itatuwan kwakwa, bayansa ne teku take ta ruri dare da rana.

To, me ya haɗa Bahaushe da Badagiri? Abubuwa uku ne.

Na farko, ta nan ne Bature ya sami ƙofar shiga ƙasarmu daga kudu. Kyaftin Clapperton, wanda ya riga ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ta hanyar Sahara da Barno, ya sake dawowa ta teku. Ya tashi daga Badagiri cikin Disamba 1825 tare da baransa Richard Lander, suka bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Kano har Sakkwato, inda ajali ya riski Clapperton cikin Afrilu 1827. Lander ya komo Badagiri. Da aka zarge shi da leƙen asiri, sai aka ba shi ruwan guba ya sha don a gwada gaskiyarsa, ya sha, ya ruga masaukinsa ya amayar, ya tsira. A 1830 ya sake sauka garin tare da ƙanensa John, suka kai Busa da Yawuri, suka bi Kwara cikin kwale-kwale har ta kai su teku. Da haka Turawa suka san inda kogin ya ƙare, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya sani.

Na biyu, shi ne mai nauyi a zuciya. Badagiri tana cikin tashoshin da aka riƙa lodin bayi zuwa ƙetaren teku, ita da Ikko da Porto-Novo da Wida. A farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasar Hausa da Nufe da ƙasar Yarbawa, dubban mutanen da aka kama sun gangaro ta waɗannan tashoshi, da yawansu aka kai su Bahia ta ƙasar Barazil. Cikinsu akwai Hausawa, har da masu karatun allo. Hukumomin Bahia sun tona wani shiri na tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla a 1807, kuma a watan Janairu 1835, cikin azumin Ramalana, bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salvador. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Kada mu ruɗi kanmu cewa Bature ne kaɗai mai laifi. Shi ya kawo jirgi da bindiga da kuɗi, amma hannun baƙar fata ne ya kamo, ya ɗauro, ya sayar tun daga can cikin ƙasa. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, amma Barazil ba ta rufe ƙofarta sosai ba sai 1850, bautar kanta kuwa sai 1888 ta soke ta.

Na uku yana gabanmu. A watan Oktoba 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta taso daga Illela ta Jihar Sakkwato ta ƙare a Badagiri. Ran da Allah ya nufa aka gama ta, tafiyar da ta ci wa Clapperton watanni za ta koma ta yini da kwana, ƙaramin garin nan kuwa ba zai zauna yadda yake ba. Mai son ya gan shi da tsohuwar kamarsa, kada ya yi ta jinkiri.

In mutum ya isa, duk abin da ya kamata ya gani yana kusa da juna a bakin gulbi, ana iya zagaya shi da ƙafa. Akwai gidan benen da 'yan mishan suka gama a 1845 ƙarƙashin Rabaran Gollmer, wanda mutanen garin suke alfahari da shi suna cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Mu da muka san sorayen Kano da Zariya sai mu ce na farko irin ginin Turawa, kowa ya riƙe gaskiyarsa. Samuel Ajayi Crowther ya zauna a cikinsa. Akwai wata alama da aka gina a gurbin itaciyar Agia, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a 1842. Itaciyar ta faɗi a 1959. Akwai gidan kayan tarihi a tsohon ofishin Di'o, ginin 1863, shekarar da aka haɗe garin da mulkin Ingilishi na Ikko. Akwai kuma gidan zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da ƙwaryar ƙarfen da bayi suke shan ruwa a ciki.

Amma gidan da ya fi sa mutum tunani shi ne na Seriki Williams Abass. Shi wannan mutum an sayar da shi bawa tun yana yaro, aka kai shi Barazil, ya koyi karatu da harsuna, ya dawo ya zama dillalin bayi shi kansa. Daga baya ya zama shugaban Musulmin yankin, kalmar Seriki ɗin nan kuwa ba wata ba ce illa Sarki tamu. Ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Har yanzu ana buɗe wa baƙi wasu daga ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi, marasa taga sai 'yar kafa a sama. Duk wanda ya shiga aka ja masa ƙofa na minti ɗaya, ba ya bukatar wani malami ya fassara masa tarihi.

Daga nan sai a shiga kwale-kwale a haye zuwa Gberefu, a taka rairayi da ƙafa, a wuce wata tsohuwar rijiya wadda ake cewa bayi sukan sha ruwanta su manta gida, har a ɓulla bakin teku, wurin da ake yi wa laƙabi da Tafiyar da Ba Dawowa.

Yanzu sai babbar tambaya: yaushe ya kamata a je? A nan ne mutumin Arewa yakan yi kuskure, don yakan auna shekarar kudu da ma'aunin tasa. Mu damina ɗaya muka sani, mai ƙarfi a Agusta. Bakin teku kuwa damina biyu gare su, kuma Agusta ɗin da muke tsoro shi ne lokacin da ruwa yake ɗaga musu ƙafa.

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, wannan shi ne zaɓaɓɓen lokaci. Ruwan sama ya ɗauke, hanya ta bushe, gulbi ya kwanta, rairayin Gberefu yana takuwa ba caɓi. Hunturu yakan leƙo can cikin Disamba da Janairu, amma kafin ya kai teku ƙarfinsa ya ƙare, sai ɗan hazo da sanyin safiya mai daɗi. Wanda ya baro Kano ko Jos leɓɓansa a tsage zai ji kamar an shafa masa mai. Sai dai kashedi guda: makonni biyun ƙarshen Disamba, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, mutanen Ikko sukan yi dafifi zuwa bakin ruwa, masauki ya yi tsada, hanya ta cushe. Mai son natsuwa ya zaɓi ƙarshen Nuwamba, ko kuwa ya bari sai an koma aiki cikin Janairu.

Fabrairu da Maris su ne bazarar bakin teku. Ma'aunin zafi ba ya kai na Sakkwato ko Maiduguri, amma iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki, sai mutum ya ga rigarsa sharkaf tun hantsi. Wanda dole ta sa ya je a lokacin, ya haye Gberefu da sassafe, ya dawo kafin rana ta take, ya riƙe ruwan sha da malafa.

Daga Afrilu zuwa Yuli babbar damina ce, Yuni kuwa shi ne ƙoƙuwarta. Ruwa yakan wuni yana zuba, hadari yakan taso wa kwale-kwale a tsakiyar gulbi ba sallama, sauro ya yi yawa, tafiyar awa biyu daga Ikko ta zama ta rabin yini. Ban ba kowa shawarar ya ɗauki iyali ko ɗalibai a wannan lokaci ba.

Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta ruwa yakan tsagaita, gari ya yi lumshi, iska ta yi sanyi, a duk shekara babu lokacin da ya fi shi rashin zafi. Ga shi ya dace da dogon hutun makarantu, kuma garin yakan yi bikinsa na tarihi a wajejen 23 ga Agusta, ranar da hukumar UNESCO ta keɓe don tunawa da cinikin bayi da hana shi. A irin wannan taro ne baƙo yakan ga dodon Zangbeto yana juyi da manyan gangunan Sato. Aibin lokacin ɗaya ne, teku takan yi fushi ƙwarai. Satumba da Oktoba kuwa ƙaramar damina ce, ruwanta mai tsawa ne amma ba ya daɗewa. Ana iya zuwa, in an yarda da jiƙewa jefi-jefi.

Kada kuma mai karatu ya ɗaura tafiyarsa a kan hutun Salla kawai, domin Salla tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Hutun da ya faɗa cikin rani bana, bayan 'yan shekaru cikin damina zai faɗa. A dubi watan Bature tukuna.

Ga wata nasiha da nake roƙon iyaye da malamai su riƙe da hannu biyu. Teku ba kogi ba ce. Saurayin da ya ƙware a iyo a Kogin Kaduna ko Tiga yakan ɗauka duk ruwa ɗaya ne, alhali a wannan gaɓa taguwar ruwa tana dukan rairayi da ƙarfi, in za ta koma sai ta janye ƙasar da mutum ya taka, ta ja shi ciki. Akwai kuma wuraren da ruwan yake komawa teku a guje kamar kwazazzabo, fuskarsa a kwance lumui, can ne ya fi haɗari. A tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kada a saki hannun yaro. A kwale-kwale a nemi rigar hana nutsewa, in babu a jira wani, kada kuma a haye bayan magariba. Rigakafi ya fi magani.

Sauran guzuri kaɗan ne. A tashi daga Ikko bayan sallar asuba kafin hanya ta cika. A riƙe katin shaida, gama hanyar iyaka ce, shingayen jami'ai suna da yawa. A yi ciniki da mai jagora da mai kwale-kwale tun kafin a tashi. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko wurin tsafi, baƙo ko da ido makaho ne. Masallatai suna nan, kifi sabon kamu da ruwan kwakwa kuwa sai wanda ya ƙoshi.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin makarantunmu da Ma'aikatun Ilmi na jihohin Arewa. Muna koya wa yara sunan Clapperton da Lander don su ci jarrabawa, amma ba mu gaya musu cewa akwai 'yan'uwansu da aka fitar ta wannan rairayi da layu a wuyansu, ba su sake jin kiran sallar garinsu ba. Mota guda cike da ɗalibai, a watan Nuwamba ko Janairu, za ta koya musu abin da littafi goma ba zai koyar ba. Gani ya kori ji.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.