Wasiƙa a Buɗe ga Ma'aikatan Jinya na Sashen Wankin Ƙoda

 

Roƙo nake yi game da takardar abinci da kuke miƙa wa majinyaci. Yawancinta an kwafo ta ne daga ƙasashen da ba a cin tuwo. Za ta hana ayaba da fiya da lemon zaƙi, amma ta yi shiru a kan miyar kuka, zogale, alayyahu, doya, wake da ƙuliƙuli, alhali daga nan fotasiyam ke shiga jikin mutanenmu. Haka dabinon buɗa-baki, wanda ba a ƙidaya shi abinci.

Kun fi ni sanin hatsarin. Ma'aunin fotasiyam na lafiya a jini 3.5 zuwa 5.0 ne, in ya haura 6, zuciya na iya rikicewa ta tsaya ba tare da wata alama ba. Ƙa'ida wanki uku ne a mako, amma da yawa kuɗin ɗaya ma da ƙyar suke haɗawa. Duk kwanakin da ke tsakani, tukunya ce ke riƙe da ransu.

Don haka ku nemi mai girkin, matar majinyacin ce ko 'yarsa, ku zaunar da ita. Ku nuna mata yadda za ta fere doya ko dankali, ta yanka ƙanana, ta tafasa cikin ruwa mai yawa, ta zubar da ruwan kafin ta ci gaba da girki. Ganye ma haka. Ku tambaye ta ko tana sa ruwan toka a miya, ko an sayo masa gishirin nan na masu hawan jini, wanda galibi da fotasiyam ake haɗa shi. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa, sai kun tambaya da fara'a za a faɗa muku.

Amma don Allah kada ku hana komai da komai. Majinyacin da aka tsorata har ya koma kan farar shinkafa zalla zai rame, kuma rama ma kisa take yi. Ƙa'idojin abincin masu ciwon ƙoda na KDOQI na 2020 sun ce a daidaita abinci da sakamakon gwajin jinin kowane mutum. In ma'auni ya hau, kafin ku tuhumi kwanonsa, ku bincika: yana samun bahaya kuwa? Ya tsallake wanki? Yana shan maganin lisinopril ko spironolactone? Sannan ku faɗa masa abin da zai ci: kabeji, kokwamba, albasa, tuffa, abarba, ƙwai da nama daidai gwargwado.