Rashin Ɗakin Gwaji Ba Hujja Ba Ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre ko Titin Beirut a nan Kano, zai ga samari masu basira suna cire ƙwayar ajiya daga wannan waya su dasa ta a waccan. Sun iya gyara, amma ƙalilan ne suka san abin da ke gudana cikin ƙwayar. Idan aka tambayi malamanmu dalilin da ya sa ba a koyar da ƙirar na'ura, sai su ce babu kayan aiki. A ra'ayina wannan uzuri ya daina ci.

Ƙwayar ajiya, wato abin da ke riƙe wa kwamfuta bayanai yayin aiki, tana da ƙa'idoji masu tsauri. Irin wadda ake kira DRAM, wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a 1966, tana ajiye kowane ɗigon bayani ne a matsayin ɗan cajin lantarki da ke zurarewa. Saboda haka dole a riƙa sabunta shi, galibi a cikin kowane kashi 64 cikin 1,000 na daƙiƙa. Mai ƙirar da ya saɓa wannan lokaci zai rasa bayanansa.

To, yaya ɗalibi zai gwada ƙirarsa ba tare da ƙwayar a hannu ba? Ta hanyar samfurin kwaikwayo: rubutaccen tsari da ke yin halayyar ƙwayar a cikin kwamfuta, kamar yadda tela ke yanka takarda kafin ya sa almakashi a shadda. Ana rubuta shi da harsunan ƙira biyu, VHDL da Verilog, waɗanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta daidaita ƙa'idojinsu a 1987 da 1995. Kamfanin Micron na Amurka yana ba da samfuran Verilog na ƙwayoyinsa da dama a shafinsa na intanet, kuma manhajojin gwaji irin su Icarus Verilog da GHDL kyauta ne.

Mu masu ilmin halittu mun daɗe da sanin darajar wannan hanya. A 1952, Alan Hodgkin da Andrew Huxley na ƙasar Ingila suka bayyana yadda saƙo ke bin jijiya ta hanyar lissafi, suka kuwa sami kyautar Nobel a 1963. Huxley ya yi lissafin ne da na'urar da ake juyawa da hannu.

Sai dai akwai gargaɗi. Samfuri ba ya nuna abin da marubucinsa bai sa a ciki ba, kamar zafin watan Afrilu ko rawar wutar lantarki. Don haka shawarata ga malamai ita ce: kafin ɗalibi ya sauko da samfurin kamfani, ya fara rubuta nasa ƙarami, mai ɗakunan ajiya 16 kacal, ya karanta takardar bayanin ƙwayar, sannan ya kwatanta. A nan fahimta take zaunawa.

Ina kira ga sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero da ya riƙa shirya wa malaman sakandare bita a kan wannan lokacin hutu. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta ishi aji guda ya fara. Yaron Sheshe ko Yakasai bai gaza na kowace ƙasa ba, hanya kawai yake jira a nuna masa. Allah ya sa mu dace.