Waƙar Godiya Ga Garin Da Ya Sauki Baƙi

 A wannan wata filin namu zai kai ku can ƙasar Kanada, wani tsibiri mai sanyi da ake kira Newfoundland, inda a ran 29 ga Oktoba 2016 aka yi wani taron kiɗa da waƙa wanda muke ganin ya kamata makaɗanmu da masu hannu da shuni na zango su ji labarinsa. Makaɗa 8 ne da mawaƙa 12 suka hau dandali a garin Gander, suka yi wasa har sau biyu a rana ɗaya, dubban mutane suna kallo, aka kuma ba da kuɗin ƙofa ga ƙungiyoyin taimakon jama'a na yankin. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, waɗanda ake yi wa waƙar su ne ke zaune a kan kujeru: direbobin bas, malaman makaranta, masu dafa abinci da sauran talakawan gari.

Ga yadda abin ya samo asali. Ran 11 ga Satumba 2001, da aka kai hare-haren nan da jiragen sama a Niyok da Washinton, inda mutum kusan 3,000 suka rasu, sai Amurka ta rufe sararin samaniyarta baki ɗaya. A daidai wannan lokaci akwai jirage da yawa a kan tekun Atilantika waɗanda suka riga suka yi nisa, ba halin komawa Turai. Kanada ta karɓi fiye da 200 daga cikinsu, 38 suka sauka a Gander. Dalilin da ya sa ƙaramin gari yake da babban filin jirgi kuwa shi ne, tun 1938 aka buɗe shi, kuma a zamanin da jirage ba sa iya ƙetare teku a tashi ɗaya nan suke yada zango su sha mai. Da aka sami jirage masu dogon zango sai aka daina bi ta nan, filin ya zama kamar tsohuwar tasha.

Mutanen garin a lokacin ba su kai 10,000 ba, sai ga baƙi sama da 6,500 daga ƙasashe fiye da 90 sun sauko musu a wuni guda. Wasu sun shafe fiye da awa 24 a cikin jirgi kafin a bar su su fito, kuma saboda tsaro ba a ba kowa akwatinsa ba, daga shi sai kayan jikinsa da 'yar jakar hannu. Ɗakunan otal na garin ba su da yawa, aka keɓe su ga matuƙa da ma'aikatan jirgi don su huta. Sauran jama'a aka rarraba su a makarantu da majami'u da zaurukan taro, har da ƙauyukan kewaye irin su Gambo da Lewisporte da Appleton da Glenwood.

Direbobin bas na makarantu suna cikin yajin aiki a wannan mako, amma suka ajiye yajin suka fito da motoci suna jigilar baƙi. Masu kantin magani suka yi ta buga waya ƙasashe daban-daban don su tabbatar da irin maganin da kowane mara lafiya yake sha, suka ba da shi kyauta. Mata suka kwaso barguna da tawul daga gidajensu, wasu suka ɗauki baƙi zuwa gida don su yi wanka su kwanta a kan gado. Abinci ya yi yawa har aka rasa wurin ajiya, sai magajin gari Claude Elliott da mutanensa suka mai da filin wasan ƙanƙara na garin ya zama firji. Har karnuka da kyanwoyi da wasu birai biyu da ke cikin jiragen an sami masu kula da su. Haka aka yi har kwana 5, ba a karɓi ko kwabo daga hannun kowa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka masu arziki ne suka yi wannan. Newfoundland ta daɗe tana cikin yankunan da suka fi talauci a Kanada, sai a 1949 ma ta shiga tarayyar ƙasar. A 1992 gwamnati ta hana kamun kifin da ake kira kod saboda ya kusa ƙarewa a teku, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'ar da suka gada kaka da kakanni, samari da yawa suka yi ƙaura neman aiki. Shekara 9 kacal ke nan kafin baƙin su sauka. Wanda ya san zafin rashi ba sai an yi masa dogon bayani ba in ya ga mabukaci a ƙofarsa.

A 2011, da aka cika shekara 10, wasu miji da mata marubuta waƙoƙi, David Hein da Irene Sankoff, suka je Gander wurin bikin tunawa. Suka zauna da mutanen gari da fasinjojin da suka dawo ziyara, suna tambaya suna ɗaukar magana. Daga abin da suka tara ne suka tsara wasan waƙa mai suna Come From Away, wato lafazin da mutanen tsibirin ke kiran duk wanda ba ɗan ƙasa ba, kamar dai yadda mu muke cewa baƙo. Kiɗan kuwa na gargajiyar tsibirin ne, wanda kakanninsu suka zo da shi daga Ailan da Ingila: goge irin na Turawa, sarewa, akodiyon, jita, da wata ganga mai fuska ɗaya da ta yi kama da bandiri. Akwai ma wani abin kiɗa na gida da suke haɗawa da sandar goge daɓe da marafan kwalba da tsohon takalmin roba, ana buga shi a ƙasa yana kacau-kacau.

An fara nuna wasan a Amurka a 2015, amma kafin a kai shi Toronto da babban dandalin Niyok sai masu shi suka ce bari a fara kai wa masu labarin. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Mawaƙin da ya yi ƙari a gaban wanda abin ya faru a kan idonsa, nan take za a gane. A cikin filin ƙanƙarar nan da ya taɓa zama firji aka yi taron, mutanen gari suka ji ana kwaikwayon maganarsu da karin harshensu, suka yi dariya, suka yi kuka, suka kuma amince. Bayan haka wasan ya buɗe a Niyok a watan Maris 2017, ya yi ta gudana har Oktoba 2022, an nuna shi fiye da sau 1,600. A Landan ya ci kyautar sabon wasan waƙa mafi kyau a 2019. Ran 10 ga Satumba 2021 kuma aka yi taron waƙoƙin kyauta a fili a Washinton don cikar shekara 20.

Abin da ya ƙara wa waƙoƙin daraja a wurinmu shi ne ba su ɓoye abin kunya ba. A cikin labarin akwai wani fasinja Musulmi ɗan Masar, gwanin dafa abinci, wanda sauran fasinjoji suka riƙa yi wa kallon tuhuma, aka kuma yi masa bincike na wulaƙanci kafin ya koma jirgi. Akwai uwar da ɗanta ɗan kwana-kwana ne a Niyok, ta kwana biyar tana jiran waya, daga baya ta sami labarin ya rasu. Akwai matuƙiyar jirgi Beverley Bass, mace ta farko da ta zama kyaftin a kamfanin American Airlines, wadda ta ga an mai da abin da ta fi so a duniya makamin kisa. Da an cire waɗannan da waƙar ta zama ta bambaɗanci.

Wani zai ce, ai baƙo raɓa ne, saukar mutum na kwana biyar ba ta kai riƙon ɗan gudun hijira na shekara biyar ba, kuma galibin fasinjojin nan masu fasfo ne da tikitin komawa gida. Wannan magana gaskiya ce, ba ma musunta. Amma ranar da mutanen Gander suka buɗe ƙofofinsu ba su san ko kwana nawa za a yi ba, ba su kuma san ko akwai mugu a cikin jiragen ba, alhali duniya duka a tsorace take. Su ma baƙin ba su manta ba. Fasinjojin wani jirgin kamfanin Delta da aka sauka a Lewisporte, tun suna sama a hanyar komawa suka yi karo-karo suka kafa asusun karatu, wanda ɗaruruwan yaran yankin suka amfana da shi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, mu fa? Mu mutanen zango da saukar baƙi aka san mu, sunan unguwar ma daga nan ya fito, tun zamanin da fatake ke zuwa Salaga da Kumasi sayen goro suna sauka a gidan mai masauki. Mun kuma ga namu kwanakin wuya. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, dubban gidaje suka watse. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo ta Aflawo da Tema, a shekarar fari da gobarar daji da ta cinye gonakin koko. Duk da yunwar da ake ciki, cikin 'yan makonni dangi da ƙauyuka suka shanye wannan taro. A shekarun nan biyu wani ya riƙe wa maƙwabcinsa amanar gida, wata ta raba tuwon 'ya'yanta da wanda ba ta sani ba. Ina waƙarsu?

Makaɗanmu gwanaye ne wajen yabon kyauta, amma mu faɗi gaskiya, yawancin yabon na wanda ya yi liƙi ne a wurin suna ko biki, inda kowa ke gani. Ba mu ga laifinsu ba, sana'a ce, da ita suke ci da iyali. Sai dai in haka aka ci gaba, jikokinmu za su taso sun haddace sunayen masu kuɗi, ba su san sunan tsohuwar da ta ciyar da unguwa a 1983 ba. Hein da Sankoff sun je bayan shekara 10, shaidu suna da rai da ƙarfinsu. Mu yanzu fiye da shekara 40 ke nan da 1983, fiye da 50 da 1969, kuma kowace shekara muna binne waɗanda suka gani da idonsu.

Shawararmu ga ƙungiyoyin matasa da sarakunan zango ita ce, a zaɓi samari da 'yan mata masu natsuwa su bi dattawa gida-gida da wayar hannu, su ɗauki labarin wanda ya taimaki wani a waɗannan shekaru, da sunan unguwa da abin da aka bayar, har da inda aka yi rashin kirki. A miƙa wa masu goge da kalangu da 'yan amshinsu su tsara. A sa rana a yi taro, a zaunar da tsofaffin a sahun gaba don su gyara inda aka yi kuskure, a hana liƙi a wannan dare, a biya makaɗa ladansu daga kuɗin ƙofa, saura a kai wa marayu da marasa lafiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma akwai tukwicin da ya daɗe a wuyanmu ba mu biya ba.

Duk unguwar da ta fara, ta aiko mana da labari mu buga. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.