Sharhi: Bayan faɗuwar masallacin Birni, wa zai koya wa ƴaƴanmu gini da zane?

A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Daminar shekarar ba ta bar kowa ba: fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin Nijar, ambaliya ta shafi fiye da miliyan 1, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har sai da magabata suka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. A cikin watan na Oktoba ne kuma gwamnati ta rage farashin siminti domin jama'a su samu su sake tada gidajensu.

Tun daga lokacin, magana ɗaya ce ke yawo a majalisu da tashoshin mota: ginin ƙasa ya ƙare, mai hali ya koma siminti da tol. Ƴan uwanmu da ke biɗa a Libiya, Aljeriya, Gana, Kodebuwa da Legas su ma abin da suke faɗa ke nan in sun bugo waya za su aiko da kuɗin gini. Ba mu ga laifin kowa ba, wanda ɗaki ya faɗa wa a tsakar dare ba ya son dogon bayani. Amma kafin mu yi wa ginin ƙasa jana'iza, ya kamata mu tambayi kanmu: ƙasar ce ta gaza, ko kuwa ilimin aiki da ita ne ya fara kuɓuce mana?

Me ke kayar da bango?

Duk tsohon magini zai gaya maka cewa bangon ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta kai da ta ƙafa. Ta kai, in indararo ya toshe ko rufi ya tsage ruwa ya samu hanya. Ta ƙafa, in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki. Shi ya sa a da, kafin damina, kowane gida sai ya yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe wa ruwa hanya ya wuce. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yau fa? Samarin da ke kwaɓa ƙasar yaɓe sun tafi biɗa. Magudanan ruwa a birane sun cika da leda da shara. An raba filaye an yi gidaje a kan hanyar ruwa da bakin tabki, inda kakanninmu ba su yarda su kafa ko rumbu ba. Ga kuma wata al'ada da ta shigo, ta shafe bangon ƙasa da siminti don a huta da yaɓe. Simintin ba ya kama ƙasa da kyau. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali daga waje ana ganin shi garau. Kuma kada mu manta, ginin bulo ma yana faɗuwa in an ƙwari siminti wajen buga shi ko an yi tushe marar zurfi.

Ke nan matsalar ta fi ƙarfin zaɓi tsakanin ƙasa da siminti. Magana ce ta sani, kuma sani koyar da shi ake yi.

Makarantar da ba ta da allo

Ƙasar Hausa ta daɗe da makarantar gini, sai dai ba ta da aji. Yaro kan fara da ɗaukar ƙasa da miƙa tubali, ya kai ga ɗora bango, sannan bayan shekaru a sakar masa rufi. A kan sana'ar akwai Sarkin Magina. A nan ake koyon yadda ake jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗaure ta gaba-gaba har ta zama bakan gizo mai ɗauke da rufin babban zaure. A nan ake koyon makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, gashin majema da dafara don ruwa ya zame. Zanko a saman soro, dagi a fuskar zaure, launukan da suka sa ake zuwa kallon gidajen Birni da Zango a Damagaram, duka a wannan makaranta aka koye su.

Kuma makarantar ba ta taɓa rufe ƙofarta ga baƙon abu ba. Wanda ya lura da zanen tsofaffin gidaje a ƙasar Hausa zai ga takobi da dagi, zai kuma ga keke, agogo da jirgin sama. Magini ya ga sabon abu ya shigo gari, ya ɗauke shi ya sa a bango da hannunsa da salonsa.

Duniya ta san darajar wannan ilimi. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara ginin masallacin Juma'a a 1962, aka yi ta faɗaɗa shi har zuwa 1982, kuma a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan tsara gine-gine a duniya. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya. Birnin Damagaram da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar tun 2006 tana neman a ba su irin wannan matsayi.

To amma wa ke gadon waɗannan magina? Yaron da ya shiga lakwal ya kan fito da tunanin cewa kwaɓa ƙasa aikin wanda bai yi karatu ba ne. Wanda ya je cibiyar koyon sana'a ta CFM ko makarantar fasaha, abin da ya fi koya shi ne bulo, ƙarfe da dal. Mai son ya zama masanin tsara gine-gine kuwa, hanyar da aka fi sani tun da daɗewa ita ce ta makarantar EAMAU da ke Lome a Togo, ko kuma wata ƙasar waje. Sai muka wayi gari da masu ilimi iri biyu da ba sa zama inuwa ɗaya: mai difloma da bai taɓa riƙe tubali ba, da mai hannu da ba shi da takardar da za ta ba shi kwangilar gwamnati.

Darasin Dandaji

Akwai inda aka haɗa su, kuma gani ya kori ji. A Dandaji, cikin jihar Tawa, jama'a sun buƙaci sabon masallaci saboda tsohon ya tsufa. Masu tsara gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka kawo shawarar kada a rushe tsohon: a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai ɗaukar mutum kusan 1000. Aikin, wanda aka sa wa suna Hikma, ya kammala a 2018. An yi shi da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, ƙasar kuma ta yankin ce. An gayyato maginan gargajiya cikin aikin, suka kawo abin da suka sani na baka da rufi, su kuma suka ƙaru da dabarun ƙarfafa ƙasa da kare bango daga zaizayar ruwa. Aikin ya ci kyaututtuka a waje, kuma Mariam Issoufou ta zama farfesa a babbar makarantar fasaha ta ETH da ke Zurik a Suwizalan.

Mu tsaya a nan kaɗan. Ɗalibi a Turai yana zaune a aji ƴar Nijar na koya masa darajar gini da kayan da ke kusa da mutum, shi kuwa ɗalibin Matamaye ko Madawa ba a taɓa kai shi ya auna zauren da ke bayan makarantarsu ba.

Dandaji ba shi ne farko ba. Tun 1980 aka fara gwada gini ba katako a Cikal, yankin Filinge, inda ake rufa ɗaki da bulon ƙasa zalla, a yi masa baka ko ƙubba, dabarar da asalinta daga yankin Nubiya ne a kudancin Masar. An horar da magina da dama a Nijar a kan wannan aiki. Dabarar ta zo daidai da matsalarmu, domin giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, daji kuma ba ya iya ɗaukar saran da ake yi masa.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne aron dabara daga waje ba ya kashe gado in an aro ta da hankali. Wanda ke kashe shi shi ne aron hoto kawai: a turo hoton gidan Dubai ta WhatsApp, a ce wa mason "irin wannan nake so", ba a duba rana, iska da ruwan garin ba. Sakamakon mun san shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai ɗakin tol da siririn bulo a tsakar gida yake kwana, ɗakin da ya kashe wa miliyoyi kuwa sai kaya. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, shi ya sa tsohon soro ke da sanyi da azahar ba tare da lantarki ba.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu ɓoye wahalhalun ba. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara, kuma gidan da mazansa ke Agadas ko Tamanraset ba shi da mai yi masa yaɓe. Injin matse bulo kuɗi ne, ba kowane magini ke iya saye ba. A wurin da ruwa ke kwanciya, dole a ɗaga tushe da dutse ko siminti, wani wurin ma bai kamata a yi gini ba sam. Ruwan da ake samu yanzu kan zubo da yawa cikin ɗan lokaci, don haka dabarar jiya ita kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara mata lissafin injiniya.

Akwai kuma maganar ido. Kyau abu ne da ake koya. Shekaru da dama muna koya wa yaranmu, da baki da aiki, cewa karo da fenti mai ƙyalli su ne alamar arziki, jar ƙasa kuwa alamar talauci. Har wajen neman aure ana tambaya ko ɗakin na siminti ne. In ba a gyara wannan ba, za mu kai ranar da otal-otal na baƙi da gidajen masu kuɗi ne kaɗai za su riƙa yin ginin ƙasa mai kyau, talaka kuwa a bar shi da tol mai zafi da bashi.

Abin da ke hannunmu

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan dama ce ga sana'o'in hannu, domin iliminsu da Hausa yake. Tubali, azara, makuba, zanko, dagi, babu wanda ke buƙatar fassara. Ƙaramin littafi da Hausa mai ɗauke da waɗannan kalmomi da hotunan zane zai yi wa malamin firamare amfani a darasin zane fiye da sa yara su kwafi gidan da ba su taɓa gani ba.

Cibiyoyin CFM na iya ɗaukar tsofaffin magina a matsayin malamai masu albashi, su koyar kafaɗa da kafaɗa da masu difloma, a kuma ba wanda ya ƙware takardar shaida ko da bai yi lakwal ba. Jami'o'in André Salifou a Damagaram, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da Djibo Hamani a Tawa na iya tura ɗalibai su auna tsofaffin gidaje, su zana su, su naɗi bayanin masu ginin tun suna raye. Ginin da aka auna aka zana, ko ya faɗi ana iya tada shi yadda yake. Wanda ba a auna ba, sai labari.

Magadan gari su ma da nasu. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ba, ta Yamai a watan Afrilu na 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, inda kowace ta ci rayukan yara 20 ko fiye. Dubban azuzuwa ake buƙata a ƙasar nan. In kowace ƙaramar hukuma ta gina ko aji biyu da ingantaccen bulon ƙasa, magina za su samu aiki, matasa su samu wurin koyo, yara kuma su tashi suna ganin cewa ginin ƙasa na iya zama ginin hukuma.

Ku kuma ƴan uwa da ke ƙetare, kuɗinku ne ke gina da yawa daga cikin sababbin ɗakunan da muke gani a wasu ƙauyuka, don haka zaɓinku na da nauyi. Kafin ku aiko, ku tambaya: ina ruwa ke bi a filin? Tushen zai kai ina? Ta ina iska za ta shiga? Akwai magini a yankin da ya iya baka ko gini ba katako? In za a yi wa zaure ado, a nemi mai zanen gargajiya a biya shi haƙƙinsa, a kuma haɗa shi da yaro ɗaya ko biyu na gidan su riƙa miƙa masa ƙasa. Haka shi ma ya koya.

Rani shi ne lokacin gini da yaɓe. Masu unguwanni da limamai na iya kiran gayya tun yanzu a duba masallatai da tsofaffin zaurukan gari, a share magudanai, a gyara indararo kafin hadarin farko ya taso daga gabas. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ambaliya, Ya ba mu damina mai albarka.