Kada Ka Hura Mata Iska da Baki

Kwanakin baya wani ɗan maƙwabcina ya kawo mini na'urarsa ta wasa, irin wadda ake riƙewa a hannu, ransa a ɓace. Ƙanwarsa ce ta zazzage mata hodar jarirai, hodar kuwa ta shige cikin kafofin iskarta. Kafin in ce uffan, sai ya kafa baki ya hura. Nan take gari ya turnuƙe, yaro ya hau tari. A ra'ayina, wannan ɗabi'a ta hura na'ura da baki kuskure ce da ya kamata mu yi watsi da ita, dalilan kuwa suna cikin darussan da kuke yi a aji.

Game Boy da ta fito a 1989 ba ta da fanka. Amma Nintendo Switch ta 2017 tana da ƙaramar fanka da ke zuƙo iska ta wata kafa, ta fitar da zafi ta wata. Wato dai tana numfashi. Sai dai ɗan Adam ya fi ta gata, domin yana da gashin hanci da majina masu kama ƙura, da wasu ƙananan gasu a bututun iska masu share ta zuwa maƙogwaro. Ita na'ura duk abin da ta shaƙa, a ciki yake zama. Idan gari ya toshe hanya, sai ta yi zafi, batirinta kuma ya tsufa da wuri.

To, me ya sa baki bai dace ba? Iskar da muke fitarwa cike take da laima. Hura wa madubi ka gani. Idan laimar nan ta haɗu da fulawa, sai ta zama ƙulli mai manne wa fanka. Idan garin sabulun wanki ne, gishirin da ke cikinsa ya jiƙa ya soma cin siraran hanyoyin jan ƙarfe. Ga kuma illa ga mai hurawar: burbushin da bai kai mikromita 10 ba yana iya wuce hanci ya gangara cikin huhu. Mikromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Abin da ya dace shi ne ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka zare caja, ka fita waje, ka rufe hancinka da ƙyalle. Ka juya kafofin su dubi ƙasa, ka ɗan bubbuga bayanta, sannan ka share da busasshen burushi mai laushi. In da hali, ka yi amfani da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo, kaɗan-kaɗan, daga gefe. Kada ka sa ruwa, kada ka zura tsinke ko allura. Idan fanka ta ci gaba da gurnani, sai a kai wa mai gyara.

Wani zai ce ai kayan wasa ne, kuma ba kowane ɗalibi ke da shi ba. Gaskiya ne. Amma ƙa'idar ɗaya ce ga kwamfutar makaranta, musamman da hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Don haka ina kira ga malamai da su kawo tsohuwar fankar kwamfuta aji, su ajiye ta kusa da zanen huhu, su bar ɗalibai su gano bambancin da kansu.